Idikan: Unguwar Da Aka Ɗora Tsofaffinta A Kan Sikeli

Duk matafiyin da ya taso daga Arewa zai tafi Ikko a mota, idan ya bar Mokwa ya ƙetare Kogin Kwara a gadar Jebba, ya wuce Ilori da Ogbomosho da Oyo, to ba makawa sai ya ratsa Badun, watau birnin da masu shi ke kira Ibadan. Galibin matafiya ba abin da suka sani game da garin sai cunkoson tashar Ojoo, da 'yan ƙananan motocin haya masu kurɗawa ta kowace kafa, sai kuwa Sabo, inda akan sauka a yi salla a ci tuwo a sake kama hanya. Alhali kuwa a tsakiyar wannan birni akwai wata tsohuwar unguwa wadda sunanta ya shiga littattafan likitocin duniya saboda tsofaffin da ke zaune a cikinta. Sunan unguwar Idikan.

Kafin baƙo ya gane Idikan, ya kamata ya fara ganin Badun daga sama. A kan dutsen Oke Are akwai wata hasumiya da aka gina cikin 1936 don tunawa da Kyaftin Bower, Razdan na farko da Turawa suka ajiye a garin. Wanda ya daure ya hau matakalarta mai murɗewa, in ya leƙa ƙasa, ba zai ga komai ba sai rufin kwano mai tsatsa, ja-ja-jur, ya bi tudu ya bi kwari har iyakar ganin ido. Can ga Ɗakin Taro na Mapo da manyan ginshiƙansa, wanda aka gama cikin 1929. Can kuma wajen Dugbe ga Gidan Koko, dogon benen nan da aka buɗe cikin 1965, wanda kuɗin kokon manoman Jihar Yamma ya gina shi. Garin kansa ba wani tsohon gari ba ne in an gwada shi da Kano ko Katsina, gama wajen 1829 ne mayaƙan Yarbawa suka kafa sansani a wurin bayan daular Oyo ta fara wargajewa. Sansanin ya zama gari, kowane jarumi ya kama fili ya tara iyalinsa da barorinsa, kuma a kan wannan tsari ne tsofaffin unguwanni suka zauna har yau.

Idikan na daga cikin waɗannan unguwanni, tana yamma da Mapo, ba nisa da kasuwar Agbeni. Mota ba ta shiga yawancin lungunanta. Sai dai mutum ya sauka ya taka, ya tsallake kwata, ya kauce wa akuya, ya ratsa ta ƙofar gidan wani kafin ya isa gidan wani. Gidajen na gandu ne, na ƙasa, an shafe wasu da siminti, ɗakuna a jere suna duban dogon zaure guda, kuma ba abin mamaki ba ne a ga kabarin kakan gida a bakin ƙofa, yara na wasa a gefensa. A kowace baranda akwai tsohuwa da ɗan tirenta: goro, barkono, ashana, sabulu, ƙullin gishiri. Ciniki kaɗan ne, amma zaman ba na ciniki kaɗai ba ne, domin daga nan take ganin mai shiga da mai fita, ta amsa gaisuwar yaran da ke zubewa ƙasa a gabanta irin ta al'adar Yarbawa. Abincin unguwa shi ne amala, watau tuwon garin busasshiyar doya, da miyar lalo wadda suke kira ewedu, da miyar wake mai suna gbegiri, sai agidi da ƙosai da safe. Nama ɗan yanki ne a kan tuwo, in ma an samu.

To, me ya kawo likitoci wannan wuri?

Labarin ya faro ne daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun, wanda aka buɗe cikin 1957, yana nan kusa da Mokola. A cikin manyan likitocinsa akwai Shehun Malami Benjamin Osuntokun, masanin cututtukan jijiya da ƙwaƙwalwa, wanda ya yi suna tun da farko saboda binciken da ya yi a kan wata cutar jijiya mai kama masu yawan cin rogon da ba a jiƙa shi ya fitar da dafinsa sosai ba. Shi da abokan aikinsa sun lura cewa ba kasafai suke ganin cutar nan ta gigin tsufa a asibitinsu ba, musamman irin wadda ake kira Alzaima, da sunan likitan Jamus da ya fara bayyana ta cikin 1906. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa cutar ta cika gidajen ajiye tsofaffi. Shin babu ita ne a ƙasar Yarbawa, ko kuwa ba a kawo masu ita asibiti ne? Zama a ofis ba zai amsa wannan tambaya ba. Tilas a bi gida gida.

Saboda haka cikin 1992 likitocin Badun suka haɗa kai da na Jami'ar Indiyana ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Dakta Hugh Hendrie, suka shirya wani aiki wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Za a ɗauki tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama a Idikan da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, a kuma ɗauki takwarorinsu baƙar fata na birnin Indiyanafolis, a yi musu tambayoyi iri ɗaya, a auna su da ma'auni ɗaya, a kuma riƙa komawa wurinsu duk bayan shekara biyu ko uku. Hikimar ita ce, kakannin baƙar fatar Amurka da yawa daga Afirka ta Yamma aka kwashe su zamanin cinikin bayi. Jini ya yi kusa, amma abinci da zama da sana'a sun yi nisa kamar sama da ƙasa. A Badun an rubuta tsofaffi 2,494, a Indiyanafolis 2,212. Osuntokun bai ga ƙarshen aikin ba, gama ya rasu cikin 1995, sai almajirinsa Dakta Adesola Ogunniyi ya ci gaba da riƙon ragamar ɓangaren Nijeriya, aka yi ta yi har wajen 2011.

Aikin bai zo da sauƙi ba, kuma a nan ne za a yaba wa ma'aikatan Badun. Da farko dai akasarin tsofaffin Idikan ba su da takardar haihuwa, ba su kuma san shekarunsu ba. Sai aka koma ga jerin manyan abubuwan da suka faru a tarihin garin, ana tambayar tsoho ina yake sa'ad da abu kaza ya auku. Wanda aka gaya masa yana goye lokacin annobar murar 1918, ko wadda ta riga ta haifi ɗanta na fari kafin zuwan Sarauniyar Ingila cikin 1956, ai ya ba mai lissafi abin kamawa. Na biyu, jarrabawar da Turawa ke gwada ƙwaƙwalwa da ita ta masu karatu ce: a ce wa mutum ya rubuta jimla, ko ya kwaikwayi zane da fensir. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba za ta faɗi wannan jarrabawa ko da hankalinta ya fi na mai tambayar. Don haka aka sake tambayoyin suka dace da zaman unguwa, daga baya ma Dakta Olusegun Baiyewu da abokansa suka fito da wata dabara ta tsinken ashana guda huɗu: ma'aikaci ya jera su su ba da wata siffa, tsoho ya kwaikwaya. Bayan wannan kuma sai a keɓe da wani na kusa da tsohon, ɗa ko suruka ko jika, a tambaye shi: yana mance inda ya ajiye kaya? Ya taɓa ɓata a cikin unguwa? Har yanzu yana iya lissafin canjin kuɗi?

Wani sakamako da ya girgiza masana ya fito cikin 2001. A kowace shekara, cikin tsofaffin da ke lafiya, kashi 1.35 cikin ɗari ne ke kamuwa da gigin tsufa a Badun, amma a Indiyanafolis kashi 3.24 ne, watau fiye da ninki biyu. Cutar tana nan a ƙasar Yarbawa, sai dai ba ta kai ta Amurka yawa ba. Masu binciken suka duba abin da ya bambanta jama'ar biyu, suka ga hawan jini da ciwon sukari da yawan kitse a cikin jini duk sun fi yawa a Indiyanafolis. Haka kuma jiki: tsohon Idikan siriri ne, ya saba da tafiyar ƙasa a kan tudu da gangare, takwaransa na Amurka kuwa sau da yawa mai teɓa ne. Ya kamata a faɗa a nan cewa wani binciken dabam da Shehun Malami Oye Gureje ya jagoranta a jihohin Yarbawa, da wani ma'aunin dabam, ya sami adadin da ya fi na Idikan yawa ƙwarai, wajen kashi 10 cikin ɗari na tsofaffin da aka gwada. Saboda haka kada wani ya ɗauka an yi wa Bayarabe rigakafi daga sama.

Mai karatu zai iya cewa, to ai magana ta ƙare, siranta ita ce lafiya, ƙiba ita ce cuta. Da ma a ce abin ya tsaya nan, da an huta. Amma a cikin kayan aikin da ma'aikata ke shiga da su lungunan Idikan akwai sikeli da ma'aunin tsawo, kuma abin da sikelin nan ya nuna ya fi wancan lissafi shiga gidan kowa.

Abin da sikeli ya faɗa

Likitoci ba su tsaya ga kilo kaɗai ba, domin kilo 60 a jikin dogo ba daidai yake da kilo 60 a jikin gajere ba. Sukan ɗauki nauyin mutum a kilo, su raba shi da tsawonsa a mita wanda aka ninka da kansa. Misali, mutum mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 60, awonsa ya kama wajen 21. Idan ya sauka zuwa kilo 53, awon ya faɗo ƙasa da 18.5, kuma daga nan ne ake cewa mutum ya rame fiye da kima. In awon ya kai 30, an shiga teɓa.

Shekara goma ana ɗora tsofaffin Badun sama da dubu a kan sikeli, ana rubutawa, ana kuma gwada ƙwaƙwalwarsu. Cikin 2011 Dakta Ogunniyi da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka gani. Tsufa kansa yakan rage jiki a hankali, wannan kowa ya sani. Amma waɗanda daga baya aka tabbatar sun kamu da gigin tsufa, nauyinsu ya riƙa zubewa da sauri fiye da na sauran. Haka ma waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta fara rauni amma ba ta kai ga gigi sosai ba. A cikin wannan shekara kuma aka fito da na Indiyanafolis, sai ga shi labarin ɗaya ne: a can, tun ana sauran shekara shida a gane cutar, awon waɗanda za su kamu ya riga ya sauka ƙasa da na 'yan'uwansu.

Wannan abu yana da ban mamaki in aka tsaya aka dube shi. Ga jama'a biyu, teku a tsakaninsu. Ɗaya na cin amala da lalo, ɗaya na cin soyayyen nama da kayan gwangwani. Ɗaya ta fara da jiki siriri, ɗaya ta fara da jiki mai kauri. Yawan cutar ma ba ɗaya ba. Amma duk inda cutar ta nufo, sai ta aiko da manzo iri ɗaya, watau rama. Kafin aikin Badun ana iya cewa ramar da aka gani a tsofaffin Turawa da na Amurka kitsen da ya yi yawa ne ke narkewa. Tsohuwar Idikan ba ta da kitsen da za ta zubar, duk da haka ta rame. Abin lura ke nan: akwai bambanci tsakanin mutumin da Allah Ya halitta siriri, ya rayu siriri, ya tsufa siriri, da mutumin da jikinsa ya kama sauka ba tare da ya nufa ba, ba kuma wani dalilin da ake gani. Na farkon ba shi ne abin tsoro ba. Na biyun shi ne ke bukatar a bincika.

Game da yadda ƙwaƙwalwa ke cinye jiki tun ba a ankara ba, masana sun kawo hanyoyi da dama, kuma galibi sukan taru a kan mutum ɗaya. Cutar Alzaima takan fara ɓarna a cikin kai shekaru goma ko fiye kafin mantuwa ta fito fili, kuma cikin wuraren da take fara taɓawa akwai sashen jin ƙanshi. Wanda hancinsa ya daina jin ƙanshin daddawa da manja, tuwo ya zama masa kamar ƙasa, sai ya ci loma uku ya ture kwano. Akwai kuma mutuwar zuciya, wadda ke sa mutum ya daina damuwa da abin da dā yake so, har da abinci. Akwai dafa abincin kansa, wanda mai lafiya ke gani kamar wasa, alhali aiki ne mai matakai: a tuna abin da ya ƙare, a je kasuwa, a yi ciniki, a karɓi canji, a haɗa wuta, a san abin da ke fara shiga tukunya. Tsohuwar da wannan jeri ya fara kwance mata ba za ta ce ta kasa ba. Sai ta ce ba ta jin yunwa, ta jiƙa gari ta sha ta kwanta. Ana kuma zaton cutar na taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da yunwa da ƙoshi. In ciwo ya yi nisa sai a ƙara da yawon da ba ya ƙarewa, da mance cewa ba a ci ba, daga ƙarshe har haɗiya ta gagara. Wasu magungunan da ake bayarwa don cutar ma suna rage cin abinci.

Watau dai a mafi yawan lokaci ramar alama ce ta ciwon da ya riga ya shigo, kamar yadda hayaƙi ke riga harshen wuta fitowa ta rufin ɗaki. Amma da zarar ta kama, ita ma takan ƙara wa Borno dawaki: nama ya zube, ƙafa ta yi rauni, a faɗi a karye, ciwo kaɗan ya kwantar da mutum.

To ina maganar ƙiba? Nan ma akwai abin da zai rikita wanda bai bi a hankali ba, domin amsar ta danganta da shekarun mutum. A Landan an bi ma'aikatan gwamnati 10,308 tun daga 1985, aka bayyana sakamakon cikin 2018. An ga cewa wanda ke da teɓa yana ɗan shekara 50, haɗarin gigin tsufa ya fi yawa a kansa. Amma teɓa a shekara 60 ko 70 ba ta nuna haka ba. Da aka bi awon waɗanda suka kamu aka koma baya, sai aka tarar a tsakiyar rayuwa sun fi sauran nauyi, sa'an nan wajen shekara takwas kafin a gane cutar nauyin ya juya ya kama gangara. Wannan ne ya sa in aka auna tsofaffi a rana ɗaya kawai, sai a ga kamar masu jiki sun fi tsira, har wani ya ce ƙiba kariya ce. Ba kariya ba ce. Waɗanda cutar ta kama ne suka riga suka rame suka koma layin sirara. A Koriya ta Kudu kuma, wani bincike na 2019 a kan mutane fiye da dubu sittin ya nuna cewa babban canji cikin shekara biyu, ko hawa ko sauka, duka biyu suna tafiya da ƙarin haɗari. Jikin tsoho dai ya fi son zama wuri ɗaya.

Kada kuma a ce abin na Kudu ne da ƙasashen waje. A Jos an gwada tsofaffi 280, aka bayyana cikin 2006 cewa wajen kashi 6 cikin ɗari suna da alamun gigin tsufa, kuma cikin abubuwan da suka fi tafiya tare da cutar akwai yawan shekaru, da kasancewa mace, da awon jiki na 18.5 ko ƙasa da haka.

A nan wajibi ne a ja hankalin mai karatu, don kada ya dubi kakarsa ya yanke mata hukunci. Abubuwan da ke ramar da tsoho suna da yawa, kuma gigin tsufa ba shi ne na farko a cikinsu ba. Akwai tarin tibi, akwai ciwon sukari, akwai ciwon daji, akwai ciwon ƙoda da na zuciya. Akwai haƙoran da suka zube har tauna ta zama azaba. Akwai baƙin cikin rasuwar miji ko mata ko ɗa. Akwai kuma babbar cutar da ba a rubuta ta a katin asibiti, watau babu. Da yawa cikin waɗannan suna da magani in an zo da wuri. Abin da likitoci suka saba faɗa shi ne, tsohon da ya zubar da kashi biyar cikin ɗari na nauyinsa a cikin wata shida zuwa shekara guda ba da niyya ba, a kai shi a duba shi. Ga mai kilo 60, kilo uku ke nan kacal. In an je kuma, a gaya wa likita har da abin da ake jin nauyin faɗa: cewa Baba ya fara maimaita tambaya ɗaya sau biyar, ko Inna ta sa gishiri sau biyu a miya, ko ta zargi jikarta da satar kuɗin da ita ce ta ɓoye su a ƙarƙashin tabarma.

Daga Idikan zuwa Sabo

In baƙo ya fito daga lungunan Idikan ya hau mota zuwa Mokola, tafiyar ba ta da tsawo, sai ya tsinci kansa a Sabo, inda kunnensa zai huta da jin Hausa. Cikin 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan unguwa, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, fataucin goro da na shanu ya bunƙasa. Goro ya hau Arewa, shanu su gangaro Kudu, masu masauki da dillalai na Sabo suna tsakiya. Wani Bature mai nazarin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a unguwar har ya rubuta littafi a kanta wanda ya fito cikin 1969. Yau Sabo ta fi suna da 'yan canji da masu tsire da teloli masu aikin wuyan riga, kuma akwai dattawan da a nan aka haife su, a nan suka tsufa, Yarbanci a bakinsu kamar Hausa.

Badun gari ne da ya san awo. Da sikeli aka karɓi kokon da ya gina dogon benen Dugbe. Dillalin shanu kuwa ko sikeli ba ya bukata: ya dubi sa sau ɗaya, ya shafa tozo, ya gaya maka irin naman da hanya ta ci a jikinsa tun daga Arewa. Abin takaici shi ne wannan ido mai kaifi ba ya aiki a cikin gida. Dalili kuwa a fili yake. Wanda ake gani kullum ba a ganin ramarsa. Babbar riga da agbada suna rufe ƙashin haƙarƙari, zane kuma ba ya faɗin ƙarya ko gaskiya, ƙara ɗaurewa kawai ake yi. A gidan gandu, na Bahaushe ko na Bayarabe, ana aika wa tsohuwa kwanonta ɗaki, kwano ya dawo a wanke, kowa ya ɗauka ta ci, alhali jikoki ne suka taya ta, ita kuwa ta zauna tana kallonsu tana jin daɗi. Sau da yawa 'yar da ta zo ganin gida daga wani gari bayan shekara guda ita ce ke fara salati a bakin ƙofa. Amsar da takan samu kuwa ita ce, ai tsufa ne.

Tsufa ne, amma ba tsufa kaɗai ba. Akwai alamun da ba su bukatar boko: zoben da ya fara zamewa daga yatsa, hular da ta fara faɗowa kan gira, zariyar wando da aka ƙara wa ƙulli, agogon da ke yawo a tsintsiyar hannu. Sikeli kuma ba abin nema ba ne a garuruwa, akwai shi a kowane ƙaramin asibiti da kantin magani, har yara kan zauna da shi a bakin kasuwa ana hawa ana ba su 'yan kuɗi. Hawa ɗaya ba ya faɗin komai. Amfanin yana ga a riƙa hawa duk bayan wata biyu ko uku, a kan sikeli guda, a rubuta a bayan wata takarda a ajiye, gama abin da ma'aikatan Idikan suka yi ke nan shekara da shekaru, ba wani sihiri a ciki.

Gane abin da wuri ba zai warkar da Alzaima ba, domin har yanzu ba a sami maganin da ke kawar da ita ba. Amma yana sa a tsare abin da za a iya tsarewa. A daidaita hawan jini da sukari, a gyara haƙori, a duba ji da gani. A daina aika kwano ɗaki, a zauna a ci tare da tsoho, gama mai gigi ya fi ci in yana ganin wani na ci. A sassauta tuwo, a ƙara wake da ƙwai da kifi da nono da gyaɗa, a ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa maimakon tuli guda. Sa'an nan akwai wani amfani wanda ya fi waɗannan duka nauyi. A garuruwan Nijeriya, Kudu da Arewa, an sha samun tsohuwa ramammiya ta fito da dare tana yawo, ba ta san sunanta ba, ba ta san gidansu ba, tana maganganun da ba kai, jama'a su taru a kanta da duwatsu da sanduna ana cewa mayya ce ta faɗo. Iyalin da suka san sunan ciwon uwarsu tun da wuri sun fi iya tsare ƙofa, su kuma sanar da maƙwabta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2021 mutane miliyan 57 ne ke fama da gigin tsufa a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Tsofaffin da aka fara rubutawa a Idikan cikin 1992, ƙaraminsu a lokacin yana da shekara 65, saboda haka kusan dukkansu sun riga mu gidan gaskiya. Yawancinsu ba su taɓa karanta ko layi ɗaya na abin da aka rubuta a kansu ba. A harabar Asibitin Koyarwa kuwa, tafiyar 'yan mintoci daga Sabo, an buɗe wata cibiya ta musamman don kula da tsofaffi cikin Nuwamba 2012, mai ɗauke da sunan Cif Tony Anenih, ita ce irinta ta farko a Nijeriya. Ana karɓar masu shekara 60 zuwa sama, kuma tun da sassafe 'ya'ya da jikoki ke kawo iyayensu daga cikin gari da ƙauyukan kewaye, wasu a tasi, wasu a keke mai ƙafa uku, su zauna a layi suna jiran a kira suna.